Jakar soja ba ta kama zomo: zare a kan jakar farauta

1/
Jama'a, an kwashe dawa, rani ya shigo, karnuka sun fara ɗoki. Kullum sai na ga samari sun ɗora hoto da jakar goyo mai kalar soja, an naɗe fuska da rawani, an rubuta "daji ya kira". Yau sai na faɗi ra'ayina a kan jakar nan, ko da wasu za su ji haushi. Zaren da tsawo, a nemi wuri a zauna 🧵

2/
Ni ɗan Bagwai ne, kuma tun ina ƙarami nake bin kawuna farauta. Abin da na lura da shi: yawancinmu da ido muke sayen jaka. Alhali ido ba ya ɗaukar kaya. Kafaɗa da ƙugu ne za su yi wuni da ita, kuma su ba a tambayarsu a kasuwa.

3/
Bari na fara da tonon asirin kaina, don kada wani ya ce wa'azi nake daga kan kujera.

4/
Rani biyu da suka wuce na shiga Kano na sayo wata jibgegiyar jaka. Kalar soja, aljihu ta ko'ina, igiyoyi a jere a bayanta. Mai shago ya ce min irin ta sojan Amurka ce. Ban ko goya ta ba, na dai buɗe zif na rufe, na biya. A mota ina ta kallonta kamar amarya 😂

5/
Ranar fita muka tashi bayan asuba, muka bi ta gefen Dam ɗin Watari muka yi cikin gonaki. Wanda bai sani ba zai ce ai Bagwai ba daji, duk gona ce. Haka ne. Amma ka gwada tsallake kunya bayan kunya na awa biyar, tushiyar dawa tana sukar ƙafa, ka gangara kwazazzabo ka hau, ka kutsa sarƙaƙiya a bakin rafi saboda kare ya shiga. Sannan ka zo mu yi magana.

6/
Kafin hantsi ya dubi ludayi kafaɗuna sun kama wuta. Gorunan ruwa sun taru a gindin jakar suna dukan kwankwasona duk takun da na yi. Yatsun hannuna na hagu suka fara mutuwa. A wani kwazazzabo igiyar bayan jakar ta maƙale a ƙaya, ina gangarawa ta fizgo ni, na zauna daɓas a kan dutse.

7/
To ga wautar da ta sa na rubuta zaren nan. Don in rage nauyi, na buɗe gora biyu na tsiyayar da ruwan a ƙasa. Lita uku. A watan Maris. Na ce ai wanda ya rage zai ishe ni.

8/
Zuwa azahar harshena ya zama kamar soso, kaina na sarawa, ina ganin bishiya biyu-biyu. Kawu ya zaunar da ni a gindin kuka, ya taɓa jakar ya ji ba nauyi.
"Kai yaro, ina ruwanka?"
"Kawu, nauyi ne ya ishe ni, na zubar."
Bai yi faɗa ba. Ya ba ni nasa, ya raba na karnuka biyu, ya ce a koma gida. Mutum wajen goma sha biyar suka fasa farauta saboda ni.

9/
A hanya ne ya ce min: "Nauyin da ya kamata ka zubar ai ga shi nan a jikin jakar. Igiyoyi kamar akuyar da za a kai kasuwa." Har yau ana tsokanata da akuyar nan.

10/
Shi ya sa in aka ce min jaka mai daɗin goyo kayan gayu ne, ba na yarda. Jakar da ke cin kafaɗa za ta sa ka rage kaya, kuma abin da ya fi komai nauyi a cikinta shi ne ruwa. Shi za ka fara bari a gida, ko ka zubar a hanya kamar yadda na yi. Daga ciwon kafaɗa sai ka koma maganar rai.

11/
Mu yi lissafi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce cif. A Maris da Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma mai tafiya a irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Lita 3 zuwa 4 don kanka ba almubazzaranci ba ne. Ka ƙara na kare, tunda shi ke yin ainihin aikin.

12/
Masu yawon ƙafa a duwatsu suna da wani ƙiyasi: jakar wuni ɗaya kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinka da yawa. In kai kilo 60 ne, kilo 6 ke nan. Ruwa kaɗai ya cinye 4 ko 5. Mu a nan dole mu ɗan haura ƙiyasin saboda rana. To ina dalilin ɗaukar jakar da ita kanta, ba komai a ciki, ta doshi kilo 2?

13/
Girma ma haka. Ana auna cikin jaka da lita, yawanci an rubuta a jikinta. Ta lita 20 zuwa 30 ta ishi fitar safe a dawo da yamma. In ka sayi ta lita 50, ɗaya cikin biyu: ko ka cika ta da tarkace, ko kayan su riƙa yawo a ciki suna jijjiga ka.

14/
Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe: bel ɗin ƙugu.

15/
Ba siririyar igiyar nan da ake maƙala wa jakar makaranta nake nufi ba. Bel mai faɗi, mai soso a ciki, wanda zai zauna a kan ƙashin ƙugunka na gefe da gefe, ka ɗaure shi a gaba. In ya zauna daidai, mafi yawan nauyin yana sauka a ƙugu da cinyoyi. Hannayen jakar aikinsu kawai su manna ta a bayanka.

16/
Ba sabon ilimi ba ne ma. Dubi yadda iyayenmu mata ke goya yaro: a ɗaure zani a ƙirji, a kawo majanyi a tallafe shi ta ƙasa, yaro ya manne da baya ba ya lilo. Da haka za ta yi surfe, ta je rijiya ta dawo. Turawa sai wajen shekarun 1950 wani Ba'amurke, Dick Kelty, ya yi suna da jaka mai firam da bel ɗin ƙugu. Mu muna gani a tsakar gida kullum, amma mu je kasuwa mu sayi mai rataya a kafaɗa.

17/
Mutuwar yatsun da na ce na ji ma ba wasa ba ce. Akwai jijiyoyin da suka taso daga wuya suka bi ta ƙarƙashin ƙashin kafaɗa zuwa hannu. Hannun jaka in ya daɗe yana danne su, hannu yana iya yin sanyi na kwanaki ko makonni. Likitoci sun san wannan ciwo a wajen sojoji masu ɗaukar kaya. Ka tuna da hannun nan za ka riƙe gora ko bindiga.

18/
Amma bel ba zai yi amfani ba in tsawon jakar bai dace da bayanka ba. Sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka, za ka ji wani ƙashi ya fito. Daga nan zuwa saitin saman ƙashin ƙugu, shi ne tsawon bayanka. Mutum biyu masu tsayi ɗaya suna iya bambanta a nan. Don haka jakar abokinka da yake ta yabo, kai tana iya zame maka azaba.

19/
In jakar ta yi maka gajarta, bel zai hau cikinka ya hana ka numfashi. In ta yi tsawo, hannayenta za su tashi sama da kafaɗa, ta riƙa rinjayarka baya. A gangaren kwazazzabo wannan rinjayen ne ke kayar da mutum.

20/
Akwai kuma ƙaramar igiya ta ƙirji da ke haɗa hannayen biyu. Mutane suna cire ta wai ta yara ce. Ku bar ta. Ita ke hana jaka zamewa gefe in ka ruga bayan kare.

21/
Bayan jakar ya kasance da ɗan tauri. Danna da hannu: in kana jin kan gora ta cikinsa, bayanka ma zai ji. Mai raga da ke barin iska ta wuce ta fi daɗi a zafi, sai dai ƙarangiya tana son raga kamar me. In ka san hanyarka ta ƙarangiya ce, ka shirya zaman tsinta da daddare.

22/
Ina za a samu? Ni dai gwanjon Kofar Wambai na koma. A cikin dilar jakunkuna ana dacewa da na masu hawan dutse daga Turai, sun ɗan kwana biyu amma ɗinkinsu na nan. Sau da yawa ba a ma kula su, saboda kalarsu ba ta burge kowa. A Sabon Gari akwai sababbi, sai dai a nan ne ido ya fi yaudarar mutum.

23/
Ga gwajin da nake yi, kuma ba na jin kunyar kowa. Na sayi jakar fiya wata, na zuba leda goma a ciki, wajen kilo 5 ke nan. Na goya, na ɗaure ƙugu tukuna, sannan na ja hannaye, sannan ƙirji. Na yi tafiya zuwa ƙarshen layi na dawo. Na durƙusa, na sunkuya kamar zan shiga ƙarƙashin ƙaya, na ɗaga hannu kamar zan yi jifa.

24/
In mai kaya ya ce ba a gwadawa, ka yi masa godiya ka ƙara gaba. Jaka babu kaya a ciki kowacce daɗi gare ta.

25/
Sai ka juya cikinta waje ka duba ɗinki, musamman inda hannu ya haɗu da jiki, don nan take fara yagewa. Ka ja zif sau da yawa. In ka ga an rubuta YKK a kan marikin, alama ce mai kyau, duk da akwai na jabu. Manyan haƙora sun fi jure ƙurar hunturu. Maɓallan roba kuma ka matsa su, wanda rana ta cinye yana karyewa kamar ƙuli-ƙuli.

26/
To mu dawo kan kalar soja, inda na san za a yi min ca.

27/
Tambaya ta farko: wa kake ɓuya wa? Abin da muke samu a ƙasar Bagwai zomo ne, kurege, gafiya, fakara, wani lokacin zabon daji ko damo. Farautarmu ta gayya ce, da karnuka da ihu da kaɗe-kaɗe. Mutum ashirin suna kururuwa, kai kuma kana tunanin zomo zai ruɗe saboda jakarka ta yi kama da ganye?

28/
Wanda ya kamata ya gan ka shi ne ɗan'uwanka mai bindigar toka ko mai jifa da gora. A jihohi da yawa na Amurka, a lokacin farautar barewa da bindiga, doka ce mafarauci ya sa kaya mai kalar ruwan lemo mai haske, don kada wani ya harbe shi bisa kuskure. Su da suka ƙirƙiro jakar da kake kwaikwayo ke nan. Ni yanzu jan ƙyalle nake ɗaurawa a saman tawa.

29/
Igiyoyin nan da ke jere a bayanta kuwa, an yi su ne don soja ya maƙala aljihun harsashi da rediyo. Kai me za ka maƙala? A dajinmu ƙaya ce kawai ke amfani da su. Sarƙaƙiya, farar ƙaya, magarya, kowacce ta samu marika. Jaka mai sulɓin jiki ita ke ratsa ƙaya ta fita.

30/
Tambaya ta biyu ta fi nauyi. Dokar ƙasar nan ta hana farar hula sa kakin soja, kuma rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai. Za ka ce ai jaka ba kaki ba ce. To, a shingen bincike da magariba, da wuƙa a ƙugu da karnuka a bayan mota, kai ne za ka tsaya yi wa jami'i wannan fashin baƙin?

31/
Kuma ku dubi inda muke. Maƙwabtanmu Shanono da Tsanyawa, can wajen iyakar Katsina, sun ga hare-haren 'yan bindiga a 2025. Mutanen ƙauye a tsorace suke, kuma suna da hujja. Manomi ya hango samari sun fito daga kwari, fuska a naɗe, kaya kalar soja. Me kake so ya zata? Kafin ka ce "mafarauta ne" magana ta riga ta zaga gari.

32/
Ba mu manta Uromi ba. A ƙarshen Maris 2025, a Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Kano da ke dawowa daga wajen Fatakwal don yin Sallah a gida, aka ga bindigogin farauta a motar, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a Bunkure. Allah Ya jiƙansu, Ya bi musu haƙƙinsu.

33/
A fahimce ni da kyau: ba jaka ce ta kashe su ba, ba kuma laifinsu ba ne. Zalunci ne tsagwaronsa. Abin da nake cewa, tun daga ranar duk mafarauci ya san da wane ido ake kallonsa in ya bar garinsu. Ban ga hikimar mu ƙara wa kanmu kamannin da ba namu ba don hoto ya yi kyau.

34/
Shi ya sa aljihun da na fi dubawa a jaka shi ne ƙaramin nan na ciki mai zif. Nan takardu ke zama cikin leda: katin NIN, katin ƙungiyar mafarauta in kana da shi, lambar wayar Sarkin Baka ko mai unguwarku a rubuce a takarda don waya tana mutuwa. Mai bindigar toka kuma ya sani ita ma doka ta ce sai da lasisi daga 'yan sanda. Takardar ta bi bindigar duk inda ta je.

35/
Af, masu cewa a tafi Falgore: gandun daji ne na gwamnati, farauta a ciki laifi ce. Babu jakar da za ta fitar da kai daga wannan.

36/
Wani zai ce, iyayenmu da burgami suka yi farauta, ba su san bel ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina burgami. Fatar akuya ce, ƙaya ba ta yaga ta, ba ta ƙara, ba zif ɗin da zai lalace, baduku zai gyara ta a zaune ɗaya. Kawu har gobe da ita yake fita, kuma hannunsa yana kaiwa ga abin da yake so ba tare da ya sauke ta ba. Jakar goyo ba ta da wannan.

37/
Sai dai ku duba abin da ke cikin burgamin: wuƙa, ashana, ɗan magani, goro. Ruwansa a rataye daban a ɗaya kafaɗar. Kuma shi ya san kowace rijiya da kowace rugar Fulani a hanyar, ya san inda zai sha. Kai da ka taso a makaranta, ka fito da waya da fawa bank da tocila, ba ka san ko'ina ba, kilo bakwai a kafaɗa ɗaya zai karkatar da kai kafin la'asar. Ni na haɗa biyun: jaka a baya, ƙaramin burgami a gaba.

38/
Shirya kaya ma rabin daɗin goyo ne. Mai nauyi, wato ruwa, ya tsaya a tsaye manne da bayanka, wajen tsakiya. Mara nauyi kamar riga da buhu a ƙasa. Abin da za ka nema da gaggawa a sama. Sannan ka ja igiyoyin gefe su matse komai. In ka yi tsalle ka ji ƙwal-ƙwal, sake shiri.

39/
Gora ɗaya ta kasance a aljihun gefe inda hannu zai kai kana tafe. In sai ka sauke jaka kafin ka sha, za ka yi ta cewa "bari mu kai bishiyar can". Jakar ruwan nan mai tiyo tana da daɗi, amma wanke ta aiki ne, kuma ƙaya ɗaya ta huda ta ruwanka duka ya tafi. Goruna uku sun fi min: in ɗaya ta fashe, biyu na nan.

40/
A aljihun sama ina sa ORS ƙulli biyu, bandeji, filasta da ɗan dabino. In ba ORS, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ranar da na zubar da ruwa, da ina da wannan da ban kwana biyu a kwance ba.

41/
Maganar maciji, tunda muna zura hannu a rami da gindin kara. Kububuwa da kasa suna nan. In tsautsayi ya faɗa: kada a ɗaure da igiyar jaka tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo, a sa sanda a naɗe gaɓar don kada ta motsa, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Na san akwai masu baƙin dutse da layu a jaka, ba zan yi musu da kowa a nan ba. Amma dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama garau yau ya fara zubar da jini gobe. Babur ɗin zuwa asibiti shi ne a gaba.

42/
Nama kuma kada ya shiga cikin jaka. Na taɓa cusa zomo a leda na rufe zif da tsakar rana, kafin mu iso gida ya fara canja wari, jakar kuma ta yi sati tana tara ƙuda. Buhu mai shan iska, a ɗaure a waje ta ƙasa. Kuma nesa da abincinka, musamman in abin dangin ɓera ne, kun dai san zazzaɓin Lassa a rani yake tashi.

43/
Wadda nake goyawa yanzu ruwan toka ce, lita 28, ta gwanjo, da tambarin wata makarantar Turawa da ban iya karanta sunanta ba. Bel ɗinta ya yi min yawa, na kai wa mai gyaran takalmi a bakin tasha ya rage, ya ƙara ɗinki a hannayen da zaren taya. Ba ta kyau a hoto ko kaɗan.

44/
Jakar sojan kuwa ƙanwata ce ke zuba littattafan Islamiyya a ciki, bayan ta sa reza ta yanke igiyoyin. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu fita ta wajen Kiyawa. Mai son zuwa ya zo da lita huɗu nasa, don Kawu ya ce bana ba zai ƙara raba ruwan karnukansa da kowa ba.